Bishiyar da ikilisiya ta dasa, wa zai shayar da ita?

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai maganar da ya kamata mu faɗa wa junanmu game da yadda ikilisiyoyinmu na Katolika ke kula da muhalli. Niyya kam akwai ta, wa'azi ma ana yi. Inda muke faɗuwa shi ne bayan an watse daga taron dashen itatuwa, ranar da ba kowa a harabar coci sai dashen da rana.

Koyarwar ba ta da wani duhu. Littafin Farawa 2:15 ya ce Allah ya sa mutum cikin gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. A 1979 Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana Waliyyi Faransis na Asisi a matsayin majiɓincin masu kare muhalli. A 2015 Fafaroma Faransis ya fitar da wasiƙarsa Laudato Si', inda ya haɗa kukan ƙasa da kukan talaka wuri ɗaya, ya ce kiyaye halitta ba nafila ba ce ga Kirista. Ya ƙara jaddadawa a wata wasiƙar tasa, Laudate Deum, ranar 4 ga Oktoba 2023. Abin da mutane ba su cika kamawa ba a wasiƙar 2015 shi ne inda ya ce kyawawan ayyukan mutum ɗaya-ɗaya ba za su wadatar ba, sai jama'a sun haɗa hannu cikin tsari. A ganina a nan aikin yake, kuma dashen itatuwa ne ya fi tona asirinmu.

Mu fara da lokaci. Daga 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba ake kiyaye Lokacin Halitta, wato makonnin addu'a domin kare muhalli, shi ya sa ikilisiyoyi da yawa suke kai bikin dashe cikin waɗannan makonni. A yankin da damina ke ɗaukewa wajen Oktoba, wannan kuskure ne mai tsada. Dashe na buƙatar wata biyu zuwa uku na ruwan sama kafin saiwa ta kama ƙasa. A yi addu'a da koyarwa a Satumba, a tara kuɗi, a raba aiki, amma a bari sai damina ta zauna sannan a dasa.

Sai yawa. Ƙaramar bishiya tana shan kamar lita 20 a mako idan rani ya yi, gara kuma a raba shi sau biyu. Bishiya 100 ke nan lita 2,000 duk mako. Rani na mako 20 zai ci lita 40,000. Kafin majalisar ikilisiya ta amince da adadi, ta yi wannan lissafi a takarda, ta tambayi kanta daga ina ruwan zai fito da kuma wa zai ɗauko shi. Idan ƙarfinku na 30 ne, ku dasa 30. Talatin masu rai sun fi ɗari uku da suka bushe, don bushewar tana kashe wa jama'a gwiwa, badi in an yi kira ba wanda zai fito.

Wajen dashen kansa ma ana ɓata aiki da gaggawa. A haƙa rami mai faɗin santimita 60 da zurfin 60, a ware ƙasar sama gefe guda don ita ce mai albarka. A cakuɗa ta da taki wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙone saiwa, yana kuma jawo gara. A yanke ledar da dashen ya zo a ciki a cire ta gaba ɗaya. Za ka tarar da bishiya ta shekara ba ta ƙara ko taƙi ba, ka tone ka ga saiwar ta nannaɗe cikin leda kamar gammo. In saiwar ta riga ta nannaɗe a gindi, a datse wajen da wuƙa mai kaifi. Kada a binne wuyan dashen, ya tsaya daidai da fuskar ƙasa yadda yake a leda, in ba haka ba zai ruɓe. A danne ƙasa da ƙafa, a yi ɗan kewayen ƙasa da zai riƙe ruwa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5 zuwa 10 amma kada ta taɓa jikin itacen. A yi shinge ranar, ba gobe ba, don akuya ba ta buƙatar fiye da minti ɗaya. Manyan itatuwa su yi nesa da gini da aƙalla mita 6, kuma kada a sa su ƙarƙashin wayar lantarki. A zaɓi irin da ya saba da ƙasar wurin, a nemi shawarar ma'aikatan gandun daji.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan bishiyar ta kowa ce. Kowace ta samu iyali ko ƙungiya mai suna, a rubuta a littafi, katekis ko shugaban kwamiti ya riƙe. Ƙungiyar mata ta ɗauki layi, matasa layi, mawaƙa layi, 'yan ajin baftisma su ma a ba su nasu tare da babba mai sa ido.

Batun ruwa kuwa, amsar tana saman kanmu. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 ne. Coci mai rufin murabba'in mita 300, in aka yi ruwa na milimita 20, ta zubar da lita 6,000. Ko an cire kashi ɗaya cikin biyar na asara, saura 4,800. Abin da ake buƙata indararo ne mai ɗan gangare, da raga mai tare ganye, da bututun da zai zubar da ruwan farko mai ƙura da kashin tsuntsaye, sai tanki mai murfi. Tankin da aka bari a buɗe gidan sauro ne, kuma indararon da ba a share ba kafin damina zai toshe ya jiƙa bango.

Ganyen da ake sharewa a haraba a daina cinna masa wuta. A tara shi tsibi mai mita ɗaya kowane gefe, busasshe kashi biyu zuwa uku, ɗanye kashi ɗaya, a yayyafa ruwa ya yi laima, a juya duk mako biyu. Cikin wata uku ya zama takin dashen badi. In ya fara wari, ɗanye ko ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshe. Leda da robar da ake tarawa bayan bukukuwa kuma kada a ƙona su, hayaƙinsu guba ne, kuma maƙwabtan da gidajensu ke jingine da katangar coci su ne ke shaƙa.

Ina roƙon iyayenmu limamai su sa wannan cikin kasafin shekara da sanarwar Lahadi, yadda ake karanta rahoton baiko. A ƙarshen rani a zaga da littafin a ƙirga: nawa aka dasa, nawa ke raye, me ya kashe sauran. Wadda ta mutu a maye gurbinta da damina ta gaba kafin a yi zancen ƙara sabon layi.