Hayaƙin da Ake Ratayewa a Bango

A wani shagon tsofaffin kaya a Pittsburgh, wani birni a Amurka, na fara cin karo da su: zane-zanen garin na ƙarni na 19, waɗanda aka sassaƙa a jikin ƙarfe ko katako aka buga a takarda, wasu har an shafa musu launi da hannu. Yawancin masu zanen wuri ɗaya suka tsaya, kan tudun da yau ake kira Mount Washington, wanda a da sunansa Coal Hill saboda kwal ɗin da ake haƙa a cikinsa. Daga can kana hango inda kogin Allegheny da na Monongahela suka haɗe suka zama Ohio, ga jiragen ruwa jere a gaɓa, ga bututun masana'antu kowanne na tuƙa baƙin hayaƙi.

Hayaƙin nan ne ya tsaya mini a rai. Ba a ɓoye shi ba, kai ka ce ado ne, domin a wancan zamani hayaƙi shaida ce cewa gari yana da abin yi. Marubuci James Parton ya leƙa garin da dare daga kan tudu, a 1868 ya rubuta cewa kamar Jahannama ce aka ɗauke wa murfi. Bayan shekara bakwai Andrew Carnegie ya buɗe masana'antar ƙarfensa a Braddock da ke kusa da garin, abin ya ƙara gaba. Har cikin shekarun 1940 akan kunna fitilun titi da rana tsaka. A Oktoban 1948, a Donora da ke bakin Monongahela, gurɓatacciyar iska ta kashe mutum 20.

Zanen bai faɗi duk gaskiya ba. Daga kan tudu mutum ɗigo ne kawai. Leburan da ke awa 12 a gaban wuta ba ya fitowa, haka waɗanda aka harbe a yajin aikin 1892 na masana'antar ƙarfe ta Homestead, kusa da garin. Amma ko da rabin gaskiyar, mutanen nan sun riƙe ta gam. Masana'antun sun durƙushe a shekarun 1980, garin da ke da mutum wajen 676,000 a 1950 ya koma kusan 303,000 a 2020, duk da haka za ka shiga gidan jikan lebura ka tarar da zanen a falo. A Homestead an rushe masana'antar an gina kantuna, amma an bar dogayen bututun hayaƙi 12 a tsaye. Tsofaffin tandunan narka ƙarfe na Carrie kuwa, tikiti ake saya a shiga kallo.

Mu ma muna da namu tudun. A 1851 matafiyi Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya hau Dala ya zana Kano, daga baya aka buga zanen a Turai. A Kano aka haife ni, na hau Dala ba adadi, amma ban taɓa ganin wannan zane ba sai da na zo Amurka. Wannan yana ci mini rai.

Abin da ya fi shi ciwo na kusa ne. Dalar gyada ta ɓace, sai 'yan hotunan da ake ta maimaitawa. Masana'antun Bompai da Sharada da Challawa a Kano, da masaƙun Kakuri a Kaduna, inda aka buɗe ta farko a 1957, sun ciyar da dubban gidaje. Wa ya ɗauki hoton tururuwar ma'aikata a kan kekuna lokacin canjin aiki? Wa ya naɗi muryarsu? Za a ce mai neman na tuwo ina ya ga ta adana hoto. Ban yarda ba. Jikokin leburorin Pittsburgh ba attajirai ba ne, sun dai ɗauki wahalar kakanninsu abin daraja ne. Mu kuwa tarihi a wurinmu na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe, mai aikin masaƙa ba ya ciki.

Kawuna ya yi shekara 19 a wata masaƙa a Kakuri. Da na kira shi na tambaye shi ko yana da hoto, ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, katin shaidar aiki ne kawai ya rage, yana ƙasan akwati." Na roƙe shi kada ya bari yara su taɓa, in Allah ya kai mu babbar sallah zan zo da na'urar naɗar murya mu zauna.