Tekun da ya faro daga tsaga

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku ɗan ba ni aron hankalinku.

Makon jiya ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi ya zo mana hutu nan Argungu. Bayan la'asar muna zaune a zaure, sai ya zaro wata tsohuwar taswirar duniya, ya ari reza wurin yara, ya yanko Afirka, ya yanko Kudancin Amurka, ya shimfiɗa su kan tabarma. Ya ce, "Kawu, matso da su." Na tura da ɗan yatsa. Ƙusumbin Brazil ya shige lungun da ke ƙarƙashin Najeriya da Kamaru, daram, kamar tukunya da murfinta.

Ya ce da can ƙasa ɗaya ce. Wannan doron da muke takawa ba dunƙule yake ba, ɓalli-ɓalli ne kamar sakainun fasasshiyar ƙwarya, kowace sakaina tana zaune kan dutse mai tsananin zafi da ke malala a hankali kamar kwalta a ranar bazara. Wani Bajamushe, Alfred Wegener, ya faɗi a 1912 cewa nahiyoyi tafiya suke yi. Aka mai da shi abin dariya, har ya mutu cikin ƙanƙarar Girinlan a 1930 ba a gaskata shi ba. Sai bayan an auna ƙasan teku aka tarar da jerin duwatsu sun ratsa tsakiyar Atlantika, tekun da ya raba Afirka da Amurka, daga arewa zuwa kudu, da wata doguwar tsaga a gadon bayansu. Daga cikinta narkakken dutse ke ɓuɓɓugowa, ya daskare ya zama sabuwar ƙasa, ya ture tsohuwa gabas da yamma. Wani masani Ba'amurke, Harry Hess, ya bayyana hakan a 1962.

Na ce to da wane sauri? Ya kama hannuna ya nuna farcena. Santimita 2 zuwa 5 a shekara, gwargwadon tsiron farce. Amma a lissafin masana, fiye da shekara miliyan 100 ana wannan tafiya, ga shi yau inda tekun ya fi ƙunci ma kusan kilomita 3,000 ne. Bahar Maliya da alhazanmu ke ƙetarawa kafin su sauka Jidda, shi ma haka yake buɗewa, ƙasar Larabawa na ja da baya daga Afirka ba wanda ya ji motsinta. Tsarki ya tabbata ga Mai wannan iko.

Yaro na ta zuba, ni kuwa hankalina ya tafi Jega.

Ina da wa a can, uwa ɗaya uba ɗaya. Wallahi ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba. Da aka raba gadon fadamar mahaifinmu, gefen da ruwa ya fi kwanciya ya faɗa hannunsa, na ji wani abu a raina, na haɗiye. Aka yi sunan ɗansa, na ce shinkafa ta riƙe ni, na aika da saƙo. Sallah ta zo, maimakon in je sai na buga waya. Wata Sallar ko wayar babu, sai rubutaccen barka da sallah irin wanda ake tura wa mutum ɗari a lokaci guda. Ba ranar da zan nuna in ce yau muka rabu. Na ƙirga a kan tabarmar nan, shekara 7 rabon da in taka ƙofar gidansa. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika, kuma zumunci a ƙafa yake, ni kuwa na mai da nawa cikin waya har ya ƙafe.

Akwai kuma wadda ta fi wannan haɗari. Yaron ya ce a wasu wuraren sakainun ba rabuwa suke ba, gogar juna suke, sai bakinsu ya sarƙe. Daga sama shiru, mutane na gini suna aure suna kasuwa, a ƙasa kuwa nauyi na taruwa shekara da shekaru. Ranar da ya kuɓuce ita ce girgizar ƙasa. Haka ta faru a Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, da asuba mutane na barci, rayuka sama da 50,000 suka salwanta. Allah Ya jiƙan musulmin da suka rasu. Gidaje nawa ne a garuruwanmu suke zaune kan irin wannan? Kishiyoyi na gaisawa da murmushi, 'yan uba na cin tuwo a akushi ɗaya, kowa da ƙullinsa a ciki, sai ranar rabon gado a ji har an kai gaban alƙali.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce bai halatta musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. A hadisin Muslim kuma, ana bijiro da ayyuka Litinin da Alhamis, a gafarta wa duk wanda bai yi shirka ba, ban da biyun da ke da gaba a tsakaninsu, sai a ce a jinkirta wa waɗannan har su shirya. Ni ina ta azumin Litinin ina jin kaina wani ne. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ajiye wayar nan ka ƙirga naka shekarun, kada ka jira sai an kira ka jana'iza.

Shekaranjiya na sayi goro da turmin atamfa na hau mota zuwa Jega. Na tsaya a ƙofar gidan na yi sallama. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 6 ba ta leƙo, goshinta sak na mahaifiyarmu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta juya da gudu tana cewa, "Baba, ga wani baƙo yana sallama."