A bar yara su karanta tarihin da har yau ba a warware ba

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da katako a zurfin kusan mita biyar. Da masana suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8.4, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Su wa suka sassaƙa shi? Wane harshe suke yi? Ina suke zuwa da shi? Har yau babu amsa. Ka karanta wa yaro ɗan shekara tara wannan labari, ka yi shiru, za ka sha tambayoyi har ka gaji.

Tarihin da muke ba yara galibi hadda ce: sarki wane ya hau, ya yi shekara kaza, ya rasu. Yaro ya tashi da zaton an gama sanin komai, nasa kawai ya maimaita. Labarin da ba a warware ba kuwa yana ba shi dalilin buɗe littafi na biyu, domin na farko bai ƙosar da shi ba. Amma sai an bi da hankali, in ba haka ba a cika masa kai da shaci-faɗi.

Shekara takwas zuwa goma sha biyu ne lokacin da abin ya fi kamawa. Labari ɗaya a mako ya isa, karatun kuma kada ya wuce minti ashirin. Kafin a fara, a sa yaron ya ja layi biyu a shafin littafin rubutunsa, ya raba shi gida uku: abin da aka gani da ido, abin da masana ke zato, da abin da ba a sani ba. Duk aikin yana cikin wannan rabo.

Ɗauki mutanen Nok, waɗanda suka rayu a zamanin da a kudancin Kaduna. A gidan farko yaro zai rubuta cewa masu haƙar kuza sun tono kawunan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu, cewa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, ya gane muhimmancinsu a 1943, kuma an samu murhun narka ƙarfe a Taruga, wani wurin da aka tono kayansu. A nuna masa hoto, ya dubi idanun nan masu kusurwa uku da hudar da ke tsakiyarsu, da kitson da aka zana dalla-dalla. A gida na biyu ya rubuta cewa wasu masana na ganin gumakan suna da alaƙa da binne mamata. A na uku: ba mu san sunan da suke kiran kansu ba, domin Nok sunan ƙauyen da aka fara samun kayan ne, ba mu kuma san abin da ya kawo ƙarshensu ba. Idan yaro ya sa zato a gidan gani da ido, kada a ce ya yi kuskure, a tambaye shi, "Wa ya gani?" Da kansa zai mayar da shi inda ya dace.

Ga waɗanda suka haura goma, labarin sarkin Mali da ya gabaci Mansa Musa ya fi daɗi. Musa ya faɗa a Alƙahira a 1324 cewa wancan sarki ya tura jirage 200 cikin Tekun Atlantika, ɗaya kaɗai ya dawo, sai ya shirya 2,000 ya tafi da kansa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Al-Umari, wani Balarabe marubucin tarihi na wancan zamani, shi ne ya rubuta, shi ma daga bakin wani ya ji. Yaron da ke zuwa Islamiyya ya riga ya san darajar "wane ya ji daga wane", don haka zai gane nan take cewa labari mai hanya ɗaya yana buƙatar ƙarin shaida kafin a yarda da masu cewa jiragen sun isa nahiyar Amurka.

Inda abin ke lalacewa sau da yawa wajen babba ne. Uba ko malami yana jin nauyin cewa "ban sani ba", sai ya ƙirƙiro amsa, ya kashe tambayar. Sai kuma bidiyon waya da ke cewa wasu halittu daga sama ne suka gina dalar Masar. Wannan ba ya cikin abin da ya gagara: an tono unguwar ma'aikata a Giza, inda dalar take, da wuraren gasa burodinsu, a 2013 kuma aka samu takardun wani jami'i mai suna Merer da ke lissafin dakon duwatsu ta kogin Nilu. Wanda ya jera irin wannan da na Nok ya koya wa yaro cewa duk abin mamaki ba shi da bayani. A kuma jinkirta labaran kaburbura, kamar na Gobero a hamadar Nijar inda aka samu mace da yara biyu rungume da juna, har yaro ya ɗan tasa, don kada a hana shi barci.

Wasu iyaye na tsoron kada yaro ya koyi shakkar komai. Akasin haka ake samu, domin wanda ya saba raba shafinsa uku ya fi wuyar ruɗuwa da saƙon WhatsApp.

Babbar matsala ita ce ƙarancin irin waɗannan littattafai da Hausa. Kafin marubutanmu su cike giɓin, malami zai iya rubuta kowane labari a kalma 200, ya haɗa hoto ɗaya da taswira, ya bar rabin shafi fari don yaro ya rubuta nasa zaton tare da dalilinsa. Masu kusa da Jos kuma su kai yaran gidan tarihi na can, su tsaya gaban kan Nok na gaske da littafin rubutunsu a hannu.