Ka tuba ga Allah, ita fa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Nasihar yau ta magidanta ce, amma iyaye da surukai ku ma ku matso kusa.

Mutum ya ci amanar matarsa, asiri ya tonu, ya yi nadama, ya yi istigfari, ya daina. Madalla. Sai bayan wata uku ka ji yana ƙorafi: "Na ba ta haƙuri, iyayenta ma sun ba ta, me kuma take so?" Ita kuwa barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya shiga, ta rame, ko dariyar 'ya'yanta ba ta motsa ta.

Ɗan uwana, mai yiwuwa abin ya wuce fushi, ya zama ciwon damuwa. Likitoci suna gane shi idan baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya lizimci mutum kusan kullum har sati 2 ko fiye, ga kasala, ga jin cewa ba shi da wani amfani. A shekarar 2000 wasu masana biyu a Amurka, Cano da O'Leary, sun gano cewa matan da miji ya ci amanarsu ko ya yi musu barazanar rabuwa sun ninka sau 6 wajen kamuwa da shi, idan aka gwada su da matan da aurensu ke da rigima amma ba irin wannan wulaƙancin ba.

Kada wani ya ce mata raunin imani ne. Annabi Yakubu (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ku duba Suratu Yusuf aya ta 84. Kuma Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta.

To ina kai a cikin maganin? Malamai sun ce idan zunubi ya taɓa haƙƙin wani, ba a gama tuba da istigfari kaɗai, sai an nemi mai haƙƙin. Kai ka ji mata ciwon nan, bai dace ka tura ta asibiti ita kaɗai kana jira a dawo maka da ita garas ba. Suratun Nisa'i aya ta 35 ta yi umarni da a kawo mai sulhu daga danginka da nata. Wannan yana nan daram. Sai dai dangi, Allah ya saka musu, yawanci gaggawar rufe magana suke yi. Shi ya sa ake buƙatar ƙwararre a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa wanda zai zaunar da ku tare, mako bayan mako, kuma aikinsa ya wajabta masa riƙe sirri, don haka suturar da addini ke so ba ta yaye ba.

Zaman farko-farko su ne masu ɗaci. Za ka yanke hulɗa da waccan gaba ɗaya. Matarka za ta faɗi abin da ke ranta, ta maimaita tambayar da ta yi maka jiya, kai kuma ka saurara ba kare kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ƙaryar da ta gano daga baya ta fi ta farko illa. Sai ƙura ta lafa a duba yadda aka yi har aka kai nan, ba don a ɗora mata laifi ba, wai ta daina kwalliya. Daga ƙarshe ku yanke shawara, zama ko rabuwa da kyautatawa. Afuwa tata ce, ba a ƙwatarta da wa'azi.

Ku je a gwada jininku ku biyun saboda cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, kunya ba ta hana cuta.

'Yar uwa, ke kuma ki kai kukanki ga Wanda ya ji Khaula tana ƙarar mijinta har aka saukar da Suratul Mujadala, sannan ki tashi ki ga likita. Idan ya rubuta miki magani, yakan ɗauki makonni kafin ki ji sauƙi, kada ki ajiye shi ba da saninsa ba. Idan akwai duka ko tsoratarwa a gidan, ki fara ganin likitan ke kaɗai, ki faɗa masa. Ku kuma da ke kusa da ita, duk ranar da kuka ji ta ce gara ta mutu ta huta, a ranar za ku kai ta asibiti, kada ku bar ta ita kaɗai a ɗaki.