Ɗan uwa matashi, daina yi wa honorabul godiya a kan kuɗinka

Salam 'yan uwana matasa, maza da mata, dan Allah ku ba ni aron hankalinku, maganar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce dubu a wurare da yawa. Aka ce mu yi haƙuri gyara ake. To a wannan shekarar ta 2023 ɗin ne fa aka saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci, ana cewa kowace ɗaya ta kai wajen naira miliyan 160, kuma sanatoci 109 ne 'yan majalisar wakilai 360. Shi ko ma'aikaci sai da aka yi ta ja-in-ja da ƙungiyar ƙwadago kafin a mayar da mafi ƙarancin albashi dubu 70 a watan Yulin 2024. Ku ɗauki waya ku lissafa, mai dubu 70 sai ya yi kusan shekara 190 bai taɓa ko sisi a albashinsa ba kafin ya tara kuɗin mota ɗaya. Kuma ba sharri ake musu ba, su da bakinsu suke faɗa, Shehu Sani tun 2018 ya ce ana ba kowane sanata miliyan 13.5 duk wata na tafiyar da ofis, Sanata Kawu Sumaila a 2024 ya gaya wa BBC Hausa abin da yake karɓa a wata ya kai miliyan 21. Albashin mutum 300 kenan.

Ni wallahi yawan kuɗin bai kai abin da gatan yake haifarwa damuna ba. Mutumin da ba ya kwanciya a asibitin gwamnati ta ina zai san babu wuta a ɗakin haihuwa, ko ana tura mutum ya sayo safar hannu da allura a kemis ɗin bakin get? A 2017 shugaban ƙasa na lokacin ya yi sama da kwana 100 a Landan yana jinya. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi wata takwas cur tana yajin aiki, daga Fabrairu har Oktoba, wasunmu suka koma tuƙin adaidaita da sayar da data, a daidai lokacin muna ta ganin hotunan 'ya'yan manya a Facebook suna bikin gama jami'a a Ingila da Dubai, har ma wasu a cikinmu ne ke rubuta musu Allah ya sanya alheri a kwament. Wanda ke wucewa da jiniya da motar 'yan sanda gaba da baya bai san fargabar hanyar Birnin Gwari ba, kuma 'yan sandan da ke riƙe masa jaka su ne babu a ƙauyenku ranar da 'yan bindiga suka shigo. Ga sashe na 308 na tsarin mulki da ya hana a gurfanar da shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu muddin suna kan kujera, in sun sauka kuma a jihohi da dama fansho na jiransu, a Zamfara sai 2019 aka soke dokar bayan ta fito fili cewa tsohon gwamna na neman miliyan 10 duk wata, alhali malamin firamaren da ya yi shekara 35 yana aiki yana can yana bin layin tantancewa da sandarsa.

Amma in ɓera da sata daddawa ma da wari. Su waye ke bin motarsu da gudu ana sai ka yi? Su waye 'yan jagaliya a Kano, kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi? Ba za ka ga ɗan cikinsu da gora a hannu ba, mu ne. Yanzu kuma abin ya dawo waya, a saka maka data da dubu biyar ka kwana kana zagin sa'an babanka saboda ya tambayi ina aka kai kuɗin aikin mazaɓu. Ka ɓata da abokinka na yarinta a kan mutane biyun da jibi za ka gan su a ɗaurin auren 'ya'yansu suna tafawa. Fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC miliyan 100 aka sayar da shi a 2022, na PDP miliyan 40, kana ganin wanda ya zuba irin wannan kuɗin ya kuma raba taliya da atamfa ranar zaɓe sadaka ya yi? Jari ya zuba, kuma a jikinka zai fanshe.

Kakanninmu sun fi mu wannan wayon. Malam Aminu Kano da mutanen jam'iyyar NEPU tun 1950 suka koya wa talaka ya daina rawar jiki a gaban mai mulki, aka ɗaure su aka yi musu bulala ba su fasa ba, har aka zo 1979 gwamnatocin jam'iyyar PRP a Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Ba su da Facebook, yawancinsu ma ba su da digiri.

Ban ce ka zagi kowa ba, zagi ba tarbiyya ba ce kuma ba ya gyara titi. Ka gaida babba da ladabi amma ka tambaye shi. In ya haƙa borehol ya manna hotonsa, ka sani daga kasafin kuɗi ne, kuma kana biyan harajin VAT a kan katin wayar da kake sawa. Ka nemi sanin me aka ware wa mazaɓarku, akwai Tracka na ƙungiyar BudgIT da ke bibiyar irin waɗannan ayyukan, ku haɗu ku biyar ko goma a unguwa ku je ku gani da ido ko an yi. In ya zo neman ƙuri'a kar ku ce ya ba ku na shan ruwa, ku zaunar da shi ku tambaye shi sau nawa ya buɗe baki a majalisa, kuma a wace makaranta nasa yaran suke. Wanda bai da katin zaɓe ya je ya yi rajista idan INEC ta buɗe, wanda ya yi bai karɓa ba ya je ofishinsu na ƙaramar hukuma ya karɓo kayansa.