Kada bitar ta ƙare a otal

Na ji daɗin labarin nan na bitar da za a shirya wa malaman jami'a kan koyarwa a zamanin ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum amsar abin da ya tambaye ta. Tun da manhajar ta fito a ƙarshen 2022, aikin gidan da nake dubawa da yawa kamar hannu ɗaya ne ya rubuta su. Amma don Allah kada a taru a otal, a raba jaka da takardar shaida, a watse. Malamin da ke gaban ɗalibai ɗari biyar so yake a nuna masa yadda zai tsara tambayar da sai ɗalibi ya yi tunani, ya kuma kare amsarsa da baki. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun Najeriya, na tura malamai karatun digiri na uku, madalla. To a ware wani kaso don koyon koyarwar kanta, a cikin sashe, kowane zango.