Namun daji a bakin garka: Alzas da ƙasar Damagaram

Akwai maganar da ke yawan fitowa a hirarmu, mu 'yan Nijar mazauna Faransa, wai Bature yana tausayin naman daji, mu kuwa Hausawa duk abin da ya motsa sai mun jefe shi. Ban yarda da maganar nan yadda ake faɗinta ba. Ni ɗan karkarar Mirya ne, gabas da Zinder, yanzu kuma ina zaune a wani ƙauye na Alzas kusa da iyakar Jamus, a gida mai ɗan lambu ta baya. Na ga yadda dabbobin dawa ke shigo wa mutane gida a wuraren biyu, kuma abin da na fahimta shi ne bambancin ba a zuciya yake ba. Yana wajen wanda ke ɗaukar asara idan dabbar ta ci ta tafi.

A nan ƙauyen, baƙin dare suna da yawa. Bushiya tana fitowa bayan magariba tana kiwon tsutsa da katantanwa. Yanyawar Turai, ja mai jela buzu-buzu, tana ratsa lambu da asuba. Wata 'yar barewa da ke zaune a kurmin bayan gari takan tsallako ta cinye tohon furanni da na tuffa. Maƙwabciyata, wata tsohuwa mai kirki, ta huda ƙasan shingenta don bushiya ta riƙa wucewa, ta kuma bar tarin busasshen ganye a lungu don ta samu wurin kwanciya, domin bushiyar nan barci take yi duk tsawon hunturu. Lokacin sanyi tana sayen abincin tsuntsaye a kanti, har da wani nau'in gero a ciki, ta rataye a icce. Doka ma tana bayanta: tun 1981 aka haramta kashe bushiya a Faransa, kuma wanda ya rushe sheƙar tsattsewa a jikin gidansa zai iya shan tara. Abin yana burge ni, ba na ɓoyewa.

Amma abincin tsohuwar nan ba a lambunta yake ba. Idan barewa ta cinye mata salati, gobe za ta je kanti da kuɗin fanshonta. Don a ga ainihin halin Bature sai a je wurin manomin masara. Aladun daji sun yi yawa a ƙasar nan, a dare ɗaya garke zai iya tone gona ya bar ta kaca-kaca. Mafarauta suna harbe kusan 800,000 a shekara, duk da haka ba su ragu ba. Manomin da aka yi wa ɓarna yana kai ƙara, a zo a auna, a biya shi diyya daga asusun da mafarauta ke zuba wa kuɗi, tsarin da ya samo asali tun 1968. Haka kerkeci, wanda Faransawa suka ƙarar da hannunsu a shekarun 1930, ya dawo daga Italiya a 1992, kuma har yau makiyayan tumaki suna zanga-zanga a kansa, alhali gwamnati tana biyansu kowace tunkiya da ya kashe. Wato inda asara ta taɓa aljihu, shi ma Bature bindiga yake nema. Kuma kada a manta noman inji da maganin ƙwari sun rage musu tsuntsayen gona da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara talatin. Tausayin da ake gani a lambu ya zo ne bayan an yi ɓarna mai yawa a gona.

To, a dawo gida. Kawuna yana da gonar hatsi da gyaɗa, yana da garka a fadama inda yake noman rani: albasa, tumatir, kabeji, ɗan rake a gefe. Baƙinsa su ma suna da yawa. Ana gama shuka kurege da ɓera za su bi layi suna tone iri. Zomo yana aske ganyen wake. Gafiya tana shiga ƙarƙashin rumbu. Dila yana fasa kankana a garka, ya zagayo gida ya ɗauki kaza, shirwa kuma tana sure 'yan tsaki a tsakar gida da rana tsaka. Idan hatsi ya fara ido, jan baki ya sauko, yara za su wuni a gona suna kaɗa gwangwani har muryarsu ta dishe. Ga kububuwa a cikin kara, wadda sararta ke kai mutum lahira idan asibiti ya yi nisa ko kuɗin allura ya gagara. A cikin duk wannan babu mai zuwa ya auna ɓarna, babu asusun diyya. Kazar da dila ya ɗauka ita ce ajiyar matar gida, da ita za a sayi magani ko littafin yaro na lakwal. Wanda ya tuna farin 1984, ko farar 2004 da yunwar da ta biyo bayanta a 2005, ba za a koya masa darajar damin hatsi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ba na jin daɗi idan ɗan uwanmu ya zauna a Turai cikin ɗumi yana kiran manomin Mirya mara imani.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba mu san zama da naman daji ba. Shamuwa ta ishe mu shaida. Tana isowa gab da damina, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, wani lokaci a cikin gidan mutum, ta zubar da kashi da ƙirare a tsakar gida, ba mai korarta. Manomi yana ganinta zai fara gyaran iri da kayan aiki. Yaron da ya ɗaga mata danƙo, kowane babba a unguwa yana da ikon tsawata masa, ba sai ubansa ba. Ba takardar gwamnati ce ta kare ta ba, mutane ne suka san tana zuwa da albishir, tana kuma bin gona tana cin fara da tsutsa, sannan idan kaka ta yi ta kama hanyar kudancin Afirka. Mutanen Alzas su ma suna da tasu, fara babba mai jan baki, wadda suke bugawa a jikin kofi da riga don alfahari. A 1974 saura ma'aurata 9 kacal suka rage a duk yankin, kuma cikin dalilan har da farin da ya ƙone Sahel a shekarun nan, domin wajenmu take zuwa cin rani. Farin da ya kashe shanun kakanninmu shi ya bar sheƙunansu wayam. Sai da suka gina wuraren kiwo, irin na Hunawihr da aka buɗe a 1976, suka yi shekaru suna wahala, kafin yanzu adadin ya haura dubu. Mu tamu ba ta taɓa barinmu ba, saboda ba mu taɓa ta ba.

Inda nake ganin laifinmu, kuma a nan zuciyata take ɓaci, shi ne kisan da ba shi da dalili. Mujiya ta sauka a kan katanga, sai a ce mugun abu ce, a jefe ta. Alhali mujiya da 'ya'yanta suna cin ɓeraye sama da dubu a shekara, ɓerayen da ke tone iri suna huda buhu. Bushiyarmu ba ta cin hatsin kowa, ƙwari take bi da dare, amma yara suna wasa da ita har ta mutu, ko a kama ta don wai magani. Hawainiya haka. Danƙo a hannun yaro ba ya bambance jan baki da tsuntsun da ke cin tsutsar zangarniya.

Mafi muni ita ce guba. Dila ya ɗauki akuya, sai a barbaɗa maganin ƙwari a mushe a ajiye a bayan gari. Dila ɗaya ake nema, amma abin da zai mutu ya haɗa da karnukan makiyaya, da hankaka, da ungulu. Duk wanda ya girma a Zinder ya san yadda ungulu ke cika mahauta da bakin kasuwa, har ba a kallonta. Yau ka tambayi yaro ɗan shekara goma, da wuya ya ce maka ya gan ta. Tun 2015 masana suka sa ungulun nan ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma bayan guba akwai masu sayen kanta da ƙafafunta don tsubbu, ana tsallakawa da su kasuwannin Najeriya. Ungulu ba ta taɓa kazar kowa ba. Aikinta kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta. Da ta tafi, karnukan banza suka gaji aikin, su kuwa suna cizo, suna kuma ɗauke da haukar kare.

Farauta ma ta canja. A da akwai lokacinta, bayan an kai amfanin gona gida, akwai sarkin baka da ake jin maganarsa, kuma ƙafa da kare suna da iyakar inda za su kai. Yanzu babur ne da fitila da bindiga, a bi barewa har ta faɗi. A arewa maso gabashinmu an kafa gandun Termit da Tin Tumma a 2012, faɗinsa a lokacin kusan murabba'in kilomita 97,000, amma binciken da aka yi a 2016 farin gwankin sahara uku kawai ya gani, dabbar da nan ke cikin wuraren ƙarshe da ta rage a dawa. Jimina, wadda fataken Damagaram suka riƙa kai gashinta Tarabulus a zamanin sarakuna, yanzu a killace ake kiwonta a Kelle ta ƙasar Gure, don kada irinta ya ɓace. Dokar farauta ta 1998 tana nan a rubuce. Wannan ɓarnar ba manomin da ke kare kazarsa ne ya yi ta ba, masu mota da masu kuɗi ne, amma shi ake fi saurin kamawa da tarkon zomo.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne labarin gawo. Bayan farin 1984 gonakin Mirya da Matamaye da Magarya sun yi fayau, iska tana binne shuka. Manoma suka koma sassabin zamani, suna barin tohon da ya fito da kansa, suna rage masa rassa har ya zama icce. A faɗin kudancin Nijar an kiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 da suka dawo ta wannan hanya, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan iccen da ya rena a gonarsa. Ba wa'azin baƙi ne ya yi wannan aiki ba. Manomi ya ga gawo yana zubar da ganye da damina, hatsi yana kyau a ƙarƙashinsa, bisashe suna cin 'ya'yansa da rani, ya kuma tabbata ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara a kan abin da ya rena ba. Da itatuwan suka dawo, wasu baƙin ma sun biyo su. Na tambayi Kawu ta waya ko har yanzu ana jin fakara. Ya ce, "Ɗana, ana ji da asuba a gonar gabas, zomo ma ya yi yawa har ya dame mu. Wadda ba mu gani ita ce ungulu."

Don haka ba na kiran kowa ya sayi gero ya rataya wa tsuntsaye, wannan na mai rarar abinci ne. Abin da nake so shi ne mu raba mai ɓarna da wanda ke mana aiki, kamar yadda muka raba gawo da ciyawa. Addini ma ya raba: an halatta kashe irin su ɓera da kunama da kare mai cizo, an kuma gaya mana cewa musulmin da ya yi shuka, tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce a gare shi. Maganin dila akurki ne mai ƙarfi da ake rufewa da magariba, da shingen ƙaya ko na aguwa a kewaye da garka, da kare mai tsaro. Liman yana iya faɗa a huɗuba cewa mujiya halittar Allah ce ba aljana ba, mutane za su ji daga bakinsa fiye da bakin ɗan boko irina. Malamin lakwal yana iya nuna wa yara ƙasusuwan ɓera a cikin abin da mujiya ke amayarwa a ƙarƙashin icce, su gani da idonsu.

Batun guba kuwa ya fi ƙarfin nasiha. Ana sayar da ita a ƙulle cikin leda a kasuwannin ƙauye, ba suna ba takarda, kusa da mai gishiri da mai barkono. Masu gari da hakimai sun san masu kawo ta, sarkin kasuwa ya san rumfar da take. Idan fadar Damagaram ta yi magana guda cewa duk wanda ya sa guba a mushe za a ɗauke shi kamar wanda ya sa ta a rijiya, ta kuma sa sarakunan fawa su hana taɓa ungulu a mahautarsu, na tabbata za a ji har Dungas da Tanut. Mu da ke waje, da muke haɗa kuɗi don gyaran rijiya da rufin masallaci, za mu iya ƙara ragar waya ta akurki a cikin lissafin, gida goma ko ashirin a kowane ƙauye, a fara da gidajen matan da kaji ne jarinsu.